Idan Motar Lantarki Ta Tsaya A Jimeta, Ƙofar Wa Za A Ƙwanƙwasa?

Duk wanda ya bi manyan titunan Jimeta da hantsi, ko ya miƙe hanyar Numan, zai ga filayen sayar da motoci a bakin titi: Corolla da Camry da Honda da Peugeot 406 a jere rana na dukansu, samari na kakkaɓe musu ƙura, dillalai kuwa na zaune a kan benci ƙarƙashin darbejiya, kowa da tarin makullai a aljihu da waya biyu a hannu. Da wuya ka samu sabuwa fil a cikinsu. Wasu sun sha titunan Amurka ko na Beljiyam kafin su hau jirgin ruwa, wasu kuwa sun zaga hannu uku ko huɗu a nan gida. Babu kamfanin ƙera mota da ya naɗa waɗannan bayin Allah wakilansa, babu kuma wanda ya san da zamansu a Japan ko a Jamus. Amma su ne kasuwar mota ta Adamawa, a hannunsu malamin makaranta da ma'aikacin sakatariyar tarayya da ɗan kasuwar Mubi suke sayen abin hawa.

Dalilin kawo wannan shi ne, a 'yan shekarun nan jaridun ƙasashen waje sun cika da muhawara a kan makomar dilan mota, wato ɗan kasuwar da kamfani ke bai wa izinin sayar da sababbin motocinsa a wani yanki, ya kuma riƙa yi musu sabis da gyara da sunan kamfanin. Ana cewa abu biyu sun haɗu za su ga bayansa: motar lantarki da cinikin intanet. Wasu a Abuja sun ɗauko muhawarar ɗanyarta, suna murnar cewa nan ba da jimawa ba mutum zai zauna a ɗakinsa ya latsa waya, mota ta iso ƙofar gida, an huta da 'yan tsakiya da la'adarsu. A ganina wannan murna ta yi wuri. Idan aka dubi maganar daga Yola, ba daga Maitama ba, za a ga abin da ya kamata ya dame mu ba shi ne ko dila zai rayu ko zai mutu ba. Abin damuwar shi ne wanda zai ɗauki alhakin mota bayan an biya kuɗi an karɓi makulli.

Bari mu fara da abin da ke faruwa can inda muhawarar ta taso. A Amurka jihohi sun daɗe da kafa dokokin da ke kare dila, suna hana kamfani ya buɗe kanti ya yi gogayya da mutanen da ya bai wa wakilci. Da kamfanin Tesla ya zo, bai naɗa dila ko ɗaya ba. Ya yanka farashi guda, babu tayi babu ragi, ya ce mai so ya yi oda ta intanet, kuma ya shafe shekaru yana ja-in-ja da ƙungiyoyin diloli a jihohi irin su Texas da Michigan. A watan Oktoban 2024 kamfanin Scout, wanda ke ƙarƙashin Volkswagen, ya sanar da cewa shi ma kai tsaye zai sayar, diloli suka garzaya kotu. A Ingila, tun daga Janairun 2023 Mercedes-Benz ya sauya tsari: kamfani ke yanka farashi, shi ke da motar har ta isa hannun mai saye, dila kuwa ana ba shi kasonsa da aka ƙayyade. Da Hausa mai sauƙi, an mayar da dila dillali.

Motar lantarki kuwa ta wani wajen take cin dila. Mutane da yawa suna zaton ribarsa na cikin sayar da sabuwar mota, alhali kusan rabin ribar dilolin Amurka daga gareji da kayan gyara take fitowa. To ga mota ta zo da ba ta buƙatar juyen baƙin mai, ba ta da fulogi, ba ta da salansa, ba ta da kuloci, birkinta ma yakan daɗe bai cinye ba domin injin da ke tuƙa ta yana taya ta rage gudu. Wasu gyare-gyaren ma kamfani ne ke turo su ta intanet mota na ajiye a gida. Sannan ana so dilan ya kashe maƙudan kuɗi wajen kafa na'urorin caji da horar da ma'aikata domin motar da ba za ta riƙa dawo masa ba. Shi ya sa a 2020 da aka nemi dilolin Cadillac su zuba kimanin dala dubu 200 kowannensu domin shirin lantarki, wajen 150 daga cikinsu suka gwammace su karɓi diyya su ajiye wakilcin.

Sai dai masu shelar mutuwar dila sukan tsallake rabin labarin. Kamfanin Cazoo na Ingila, wanda ya yi ta tallar cewa sayen mota zai koma kamar odar takalmi, ya durƙushe a watan Mayun 2024. Takwaransa na Amurka, Vroom, ya rufe cinikin motocinsa na intanet a farkon 2024. Abin da ya fi jan hankalina kuwa shi ne yadda kamfanonin Sin, waɗanda suka fi kowa ƙera motocin lantarki a duniya, suke shiga sababbin kasuwanni. BYD, wanda ya daina ƙera mota mai fetur zalla tun Maris na 2022, da ya tashi shigowa Najeriya bai ce a yi oda ta waya ba. Ta hannun rukunin CFAO ya shigo, tsohon gidan ciniki na Faransawa da ya haura shekara ɗari yana kasuwanci a ƙasar nan. Sabuwar mota, tsohon dila. Wanda ya san zai sayar da kaya a inda babu garejinsa, dole ya nemi mai gida.

Mu a nan mun taɓa samun dila na gaske. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas, daga baya aka samu Steyr a Bauchi da masana'antar manyan motoci ta Fiat a Kano. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976, Yola ta zama hedikwata, babban ma'aikaci yana iya karɓar rancen mota ya sayi 504 sabuwa da ledarta, da takardar garanti da littafin sabis. Iyayenmu da suka yi aiki a wancan zamani har yau suna ba da labarin ƙamshin kujerunta. Ba intanet ce ta rusa wannan tsari ba, ba kuma batir ba ne. Naira ce. Daga 1986 da aka shiga tsarin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar kuɗi ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, kasuwa ta koma Kwatano. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus-alawus na ma'aikata kuɗi a hannu, ma'aikaci ya zama shi zai nema wa kansa abin hawa. An ɗora haraji mai nauyi a kan motocin waje ƙarƙashin manufar 2013 domin a farfaɗo da masana'antun gida, an hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, sannan Dokar Kuɗi ta 2020 ta sake sassauta harajin. Duk wannan kai-komo bai dawo da sabuwar mota hannun ma'aikaci ba. Da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa kimanin naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, har ta-hannun ma ta soma gagarar mutane.

Saboda haka manyan kantunan sababbin motoci suka tattara a Legas da Abuja da wasu 'yan manyan birane, abokan cinikinsu kuwa gwamnatoci ne da bankuna da manyan kamfanoni. Gurbin da suka bari a gari irin Yola, dillali ne ya cike shi.

Ana yawan yi wa dillali kallon mai cin banza, ni kuwa ban yarda da wannan kallo gaba ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Ngurore ko ta Mubi ya san la'ada ba kuɗin nuna saniya ba ce kawai. Dillali ne ke tsaya wa baƙo, shi ke shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, shi za a nema idan magana ta taso bayan kasuwa ta watse. Jarinsa sunansa ne, kuma gidansa sananne ne. A kasuwar mota ma haka abin yake idan aka dace da na kirki: ya san wadda takardun kwastan ɗinta na gaskiya ne, ya san wadda aka taɓa buɗe injinta, idan kuma ta ba da matsala a makon farko akwai inda za a je a zauna, a kira dattawan sana'a, a sasanta. Fiƙihunmu ma ya tanadi haƙƙin mayar da kaya idan aka gano aibin da aka ɓoye lokacin ciniki. Amma haƙƙin mayarwa ba ya da amfani sai akwai wanda za a mayar wa. Ban ce duk dillalai haka suke ba. Akwai masu mayar da lambar tafiyar mota baya, akwai masu shafe tsatsa da fenti, akwai waɗanda mota ɗaya kan bi ta hannun biyar daga cikinsu kowa ya ɗora nasa kafin ta isa ga mai saye.

Wannan ɗore-ɗoren ne intanet ta fara karyawa, kuma alheri ne. Yau ma'aikaci a Karewa ko Bekaji yana iya buɗe Jiji ko Facebook ya ga nawa ake sayar da irin motar da yake so a Legas da Kaduna kafin ya taka filin dillalai. Matasa sun koyi shiga gwanjon Copart na Amurka daga wayarsu, suna kuma iya bin lambar jikin mota su ga tarihinta, ko ta yi haɗari ko ambaliya ta taɓa cinye ta. Dillalan kansu yanzu rabin cinikinsu a WhatsApp yake. Sirrin farashi ya tonu, kuma ba zai sake rufuwa ba.

Abin da intanet ba ta kawo ba shi ne ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Wani ɗan'uwana a Jimeta, ma'aikacin gwamnati mai matsakaicin albashi, ya gaji da kuɗin mai, sai ya ga wata mota mai haɗa fetur da batir ana tallarta daga kudu. Ya yi magana da mai ita, an nuna masa bidiyo ciki da waje, ya tura kuɗi, direba ya kawo ta. Wata huɗu tana tafiya kamar ruwa, yana ta yi mana gorin yadda lita goma ke kai shi mako. Ran nan fitilu suka kunno a gaban sitiyari, mota ta ƙi motsi. Kanikawa uku suka duba ta. Na farko ya faɗi gaskiya cewa bai san kanta ba, na biyu ya canza abin da lafiyarsa ƙalau, na uku ya ce a kai ta Abuja. A bayan babbar mota aka ɗora ta, tafiyar da ta kusa kilomita 800, aka je aka gano batirin ya riga ya gaji tun kafin a sayo ta. Lambar wanda ya sayar kuwa tun tuni ta daina shiga. Daga ƙarshe wurin dillalan nan na ƙarƙashin darbejiya ya kai ta, suka nema masa mai saye a kan asara. Wannan fa mota ce mai injin fetur a matsayin madogara. A ƙaddara babu shi sam.

Kada a fahimce ni a matsayin mai adawa da motar lantarki. Idan akwai inda take da hujja a Najeriya, Adamawa na sahun gaba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 a Oktoban 2024. Jihar da ke nesa da teku, ga doguwar iyaka da Kamaru, kullum takan sayi mai da tsada fiye da Legas. Mutanen Yola ba su manta Yunin 2024 ba, lokacin da dillalan mai masu zaman kansu suka rufe gidajen mai saboda takun-saƙarsu da jami'an kwastan a kan fasa-ƙwauri, gari ya koma hannun 'yan bumburutu. Lissafin ma mai sauƙi ne. Ƙaramar motar lantarki takan ci wajen yunit 16 na wuta a tafiyar kilomita 100. Ko da farashin rukunin A, mafi tsada, na kimanin naira 210 kowane yunit a 2024, kuɗin bai kai 3,500 ba. Takwararta mai fetur da ke shan lita 8, idan lita na naira 900, ta haura 7,000. Ga rana kuma Allah ya hore wa Yola har ta yi yawa.

Duniya ma ba za ta jira mu ba. A 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17, wato fiye da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar. Habasha ta hana shigo da motoci masu fetur tun farkon 2024. Mu kuma da muke rayuwa a kan abin da wasu suka hau suka sauka, abin da Turai da Amurka da Sin suke saye sabo yau shi ne zai cika filayen Jimeta nan da shekara takwas ko goma, mun shirya ko ba mu shirya ba.

A nan ne matsalar take. Garantin batir a yawancin kamfanoni shekara takwas ne ko kilomita dubu 160, wato daidai lokacin da mota ta isa shekarun zuwa Najeriya garantinta ke ƙarewa. Batir kuwa shi ne mafi tsada a jikinta, sau da yawa kusan kashi ɗaya bisa uku na kuɗinta. Tsohon injin fetur yakan tona wa kansa asiri: bakanike zai saurari ƙararsa, ya dubi hayaƙi, ya taɓa baƙin mai. Gajiyayyen batir ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, sai an jona na'ura an karanta. Sannan zafi maƙiyinsa ne. A 2012 masu Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka sun yi ta kokawa kan yadda batiransu ke saurin raguwa, domin ƙirar farko ba ta da tsarin sanyaya batir da ruwa. Wanda ya yi watan Maris da Afrilu a Yola, inda zafi ke haura digiri 40, ya san ba mu da abin da za mu yi wa Arizona hassada a kai. Ga kuma haɗari ga rai: batirin irin waɗannan motoci yakan ɗauki wuta mai ƙarfin bolt 400, ba abin da yaron gareji zai tunkara da sifana da hannu tsirara ba ne. Motocin da ruwan teku ya shiga kuwa, kamar yadda aka gani a Florida bayan guguwar 2022, suna iya kamawa da wuta daga baya, kuma irinsu ne ke ƙarewa a gwanjo da araha.

Sai wutar kanta. Kamfanin rarraba lantarki na Yola, mai kula da Adamawa da Taraba da Borno da Yobe, yana can ƙarshen layi, wutarsa ta Gombe take biyowa. A Afrilun 2024 da ɓarayi suka karya turakun babban layin Jos zuwa Gombe, Yola ta shafe makonni cikin duhu a tsakiyar bazara, a Oktoban shekarar kuma kusan Arewa duka ta ɗanɗana. Wanda zai yi cajin mota da janareto mai shan fetur, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago. Tazarar garuruwa ma abin dubawa ce: Yola zuwa Mubi wajen kilomita 200, zuwa Gombe ta Numan wajen 250, kuma direba na buƙatar tabbacin inda zai tsaya ya yi caji kafin ya kama hanya.

Idan aka haɗa waɗannan, sai a ga wani abu da muhawarar Turawa ba ta hango ba. A can motar lantarki na rage buƙatar dila domin akwai kamfani kusa, akwai kotu mai sauri, akwai motar ɗauko wadda ta lalace. A Yola kuwa ƙara buƙatarsa take yi, domin gyaran da bakanike ke iya yi da kunne da basira ya koma cikin kwamfutar da kamfani ke riƙe da makullinta. Amma ita wannan motar ce kuma ta kashe kuɗin shigar da zai sa ɗan kasuwa ya ga ribar buɗe gareji mai izini a gari mai nisa. Ana buƙatarsa fiye da da, abin da zai ci kuwa ya ragu. Kasuwa ita kaɗai ba za ta warware wannan ƙulli ba, ko ta warware sai bayan dubban mutane sun yi irin asarar ɗan'uwana.

Wannan ne ya sa nake magana da ku, ma'aikatan tarayya da mataimakan masu riƙe da muƙamai, domin ta teburinku takardun ke bi. Gwamnati ce babbar mai sayen sababbin motoci a ƙasar nan, kuma ta riga ta sa ƙafa. Hukumar NADDC, a zamanin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt, ta gabatar da Hyundai Kona mai lantarki da aka haɗa a Legas, ta kuma kafa wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Disambar 2023 Shugaban Ƙasa ya ƙaddamar da motocin haya a Maiduguri, ciki har da tasi masu lantarki. A Oktoban 2024 aka cire wa motocin lantarki harajin VAT. A Maris na 2025 Majalisar Zartarwa ta amince da kwangilolin samar da bas-bas da kekuna masu lantarki da wuraren caji ga jihohin Arewa maso Gabas ta hannun hukumar NEDC. Duk abin yabo ne. Amma kowa ya san bayan sakatariyoyinmu maƙabartu ne na motocin da aka ƙaddamar da kiɗa da jawabi, suka mutu saboda ƙaramin abin da babu mai shi a gari. Waɗancan ma masu fetur ne da dizal, da ake iya ciro kayan wata a sa wa wata.

Don haka duk takardar kwangilar motocin lantarki da za ta bi ta hannunku, ku nemi layin da ya ce a ina za a gyara su. Kada a karɓi alƙawarin cewa injiniyoyi za su riƙa zuwa daga Legas. A rubuta cewa kafin a biya kason ƙarshe sai an ga gareji a Jimeta mai adireshi, da na'urar gwajin batir, da kayan gyara a ajiye, da garantin da zai yi aiki a Yola ba tare da an ɗora mota a tirela ba. A kuma rubuta adadin kanikawan gari da za a horar a ba su shaida, tare da ba su damar amfani da manhajar binciken motar. Wannan na ƙarshe ya fi komai muhimmanci a wurina, domin idan aka bar makullin a hannun wakili ɗaya tilo, an gudu daga rashin dila an faɗa hannun dilan da zai yanka abin da ya ga dama. Jami'ar Modibbo Adama na nan a Girei, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Mubi, ga ta jiha a Yola. Babu dalilin da zai sa a ce ba a samu inda za a yi horon ba. Rancen da CREDICORP ke bai wa ma'aikata domin sayen abin hawa shi ma ya dace a ɗaure shi da wannan sharaɗi, don kada mutum ya shekara uku ana yankar albashinsa a kan motar da ke kwance a ƙofar gida. Hukumar kwastan da ta kula da ingancin kaya kuwa, tun yanzu ya kamata su fara neman takardar lafiyar batir ga duk tsohuwar motar lantarki da za ta shigo, kafin jiragen su fara sauke su da yawa.

Wani zai ce waɗannan sharuɗɗa za su ƙara tsadar kwangila. Za su ƙara. Amma kuɗin garejin ana biyansa ko an rubuta ko ba a rubuta ba, bambancin kawai shi ne ko a biya shi yau a cikin kwangila, ko a biya shi gobe ta hanyar sake sayen wasu motocin.

Ina kuma da yaƙinin cewa ba ta jif ɗin manya lantarki zai shiga Yola ba, ta keke zai shiga. Tun da aka hana acaɓa a cikin Yola da Jimeta saboda tsaro, keke mai ƙafa uku ne ƙafar talaka, daga tashar Jambutu zuwa babbar kasuwa, daga Doubeli zuwa Hayin Gada, daga Jimeta zuwa fadar Lamiɗo. Tafiyarsa gajeruwa ce, a gari ɗaya yake kwana, batirinsa ƙarami ne da rumfar sola za ta iya cikawa, ana ma iya sauke wanda ya ƙare a ɗora cikakke cikin 'yan mintoci. Mai keke kuma shi ya fi kowa jin zafin kuɗin mai, domin kullum sai ya cire shi kafin ya cire balas ɗin mai keken, kafin ya kai cefane gida. A maƙwabciyarmu Borno, matashin nan Mustapha Gajibo ya nuna ana iya mayar da ƙananan bas-bas masu fetur su koma lantarki a cikin Maiduguri, da hannun 'yan gida. Dilan da zai yi tasiri a Jimeta nan gaba, a hasashena, ba mai kanti na gilashi da sanyin na'ura ba ne. Mutum ne mai rumfar caji da tarin batira, wanda ke ba da keke bashi ana biya kullum, yana kuma da yara uku ko huɗu da suka iya gyara. Ribarsa ba daga juyen mai za ta fito ba, daga wuta da hayar batir da bashi za ta fito. Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, saboda haka gwamnatin da ke Dougirei na da hurumin sauƙaƙa wa irin wannan mutum lasisi da fili.

Su kuwa dillalanmu na bakin titi, sanin farashi ya riga ya kuɓuce musu, yaro mai waya ya san shi kafin ya iso. Abin da ya rage a hannunsu shi ne a san gidansu, a kuma yarda da shaidarsu. Idan ƙungiyarsu ta haɗa kuɗi ta sayi na'urar gwajin batir ko guda biyu ce, ta tura 'ya'yanta su koyi karanta ta, ta fara bai wa mai saye rubutacciyar takarda cewa an gwada, ga abin da aka gani, ga kwanakin da za a iya dawowa, to mai tallar mota daga Legas ma zai buƙace su, kamar yadda BYD ya buƙaci CFAO. Na'urar da za ta karanta yawancin motocin da ke shigowa ba ta kai kuɗin tsohuwar Corolla ɗaya daga cikin waɗanda ke jere a gabansu ba.